Yini guda a Landan ni da maigida: yawon gari da kallon wasan kwaikwayo, shin almubazzaranci ne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina son jin ra'ayinku a kan wata magana da ta haɗa ni da yayata, har yau ba mu daidaita ba.

A Coventry muke zaune, maigida yana karatun digiri na uku. Asabar ɗin da ta wuce maƙwabciyata 'yar Somaliya ta ce mu kawo mata yara mu je mu sha iska, Allah ya saka mata da alheri. Muka bi jirgin ƙasa na safe muka sauka a tashar Euston. Da gadar Westminster muka fara, muka tsaya har agogon Big Ben ya buga, sannan muka taka da ƙafa ta gaban ƙofar titin Downing zuwa dandalin Trafalgar, inda muka hango tutar Najeriya a jikin ofishin jakadancinmu. Daga nan sai gidan tarihi na British Museum. Azahar na yi muka shiga masallacin da ke titin Goodge, muna idarwa muka kama hanya, ƙarfe biyu da rabi muna zaune cikin gidan wasan Lyceum za a fara The Lion King.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku farkon wasan nan ba. Fitilu suka mutu, wata mata ta fito ita kaɗai ta ɗaga murya da yaren Zulu, wasu suka amsa mata daga saman bene. Rana ta fara ɗagowa daga ƙasan dandamali, ja-wur. Sai ga raƙuman dawa biyu suna takowa sannu a hankali, ashe mutane ne a kan dogayen sanduna, hannu da ƙafa. Ina cikin kallonsu na ji mutanen bayanmu sun ɗauki sowa, ina juyawa sai ga giwa ta taho ta hanyar da ke tsakanin kujeru, mutum huɗu a cikinta, kowa a cikin ƙafarta ɗaya, ta wuce ta gefena har na ji iskar kunnenta. Maigida, wanda ba ya iya zama ya gama fim a gida, ya riƙe hannuna bai saki ba har aka gama waƙar.

Bayan an tashi muka yi La'asar a wani lambu da ke bakin kogin Thames, muka haye gadar Waterloo muka bi gaɓar kudu da ƙafa har gadar Tower, muka ci abincin dare a Whitechapel.

Da na ba Yaya labari a waya ta tambaye ni kuɗin tikiti, na faɗa mata. Ta ce wannan ai cefanen gida ne na kwana da kwanaki, kuma a kan tatsuniyar yara, ga 'yan uwa a gida suna fama da tsadar rayuwa. Maganar ta tsaya mini a rai. Ni dai a zuciyata ban ga asara ba. Ku fa?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kada ki ji haushi, amma ina bayan Yayarki. Fim ɗin nan yana nan a waya, yarana sun kalle shi har sun haddace. Zaki ya mutu, ƙaninsa ya ƙwace sarauta, ɗa ya girma ya dawo ya karɓi gadonsa. Mene ne sabo da za a biya fam masu yawa a je a gani? Yawon gari na yarda da shi, tunda gada da dandali da gidan tarihi duk kyauta ne. Amma ɗalibi da ke lissafin kuɗin haya da na wuta, in ya juya kuɗin kujera biyu zuwa naira, ya san akwai gidan da zai ci wata da su.

Hajiya Kulu:
Baban Sadiq, in da wannan lissafin za a bi, ba wanda zai sha ko shayi a ƙasar nan. Komai ka juya shi zuwa naira sai gabanka ya faɗi. Na daɗe a Landan, na ga matan ɗalibai da yawa da suka zo suka koma ba su san komai ba sai ɗaki da kicin da hanyar makarantar yara. Miji yana ɗakin karatu, ita tana fama da sanyi da kaɗaici, ba dangi ba maƙwabta. Mutumin da ya ware yini guda ya ɗauki matarsa su biyu kawai, ni a wurina ya yi abin a yaba masa. Maman Ilham, ki gaishe da maigidan, ki ce Hajiya ta sa masa albarka.

Kuma tsarin da kuka yi ya burge ni. Wasan rana kuka zaɓa, shi ne daidai a watan Yuni. Azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya kaɗan, La'asar bayan biyar, wasan kuma awa biyu da rabi ne har da hutun tsakiya, ya faɗa tsakanin sallolin biyu cif. Da na dare kuka shiga, wanda ake farawa bakwai da rabi, da Magariba ta same ku a zaune, domin a wannan watan sai bayan ƙarfe tara rana ke faɗuwa.

Malam Habu Zariya:
Baban Sadiq, ka ba ni dama in ja da kai a kan cewa fim da wasan dandamali abu ɗaya ne. Wasan kwaikwayo na karanta a jami'ar Ahmadu Bello, a ɗan gidan wasan nan na ƙasa da ke Samaru muka yi atisaye, saboda haka abin yana taɓa ni.

A fim, zaki zane ne. A dandamali, mutum ne tsaye gabanka da fuskar zaki a saman kansa, tasa fuskar kuma a buɗe. Julie Taymor, matar da ta tsara wasan, da gangan ta ƙi ɓoye mutanen. Kana ganin sandar, kana ganin igiyar, kana ganin hannun da ke motsa barewa, amma duk da haka zuciyarka ta yarda barewa ce ke tsalle. Wannan yardar ba a saye ta a waya, kai ne kake ba da ita a wurin, kai da mutum dubu biyu da ke zaune tare da kai. Kuma in muryar ɗan wasa ta sarƙe ba mai yanke wurin a sake ɗauka, a gabanka zai gyara.

Waƙoƙin da suka fi ratsa jiki a ciki ma ba na fim ɗin ba ne duka. Lebo M, mawaƙi ɗan Afirka ta Kudu, shi ya kawo salon amshin nan na ƙasarsu, kuma a kullum akwai 'yan Afirka ta Kudu cikin masu wasan. Tun 1999 ake yin sa a Lyceum ɗin nan. Abin da ya kai shekara ashirin da biyar mutane suna cika gida saboda shi, ba za a ce don sun rasa waya ba ne.

Baban Sadiq:
Malam Habu, daɗewa ba hujja ba ce. Baƙi ne ke cika gidan, kullum sababbi, kowa ya zo Landan an ce masa sai ya gani. Kasuwa ce kamfanin Disney ya buɗe, kuma ta karɓe shi.

Malam Habu Zariya:
Kasuwa ce, ban musa ba. Amma akwai wasanni da yawa da aka zuba musu kuɗi a wannan unguwar ta gidajen wasa suka rufe cikin 'yan watanni, baƙin kuma suna nan. Ba kowace haja ce ke zama ba.

Ummu Abdallah:
Assalamu alaikum. Ni ba kuɗin ne damuwata ba, mutum da halalinsa. 'Yar uwa Maman Ilham, don Allah ki amsa mini tsakani da Allah. Ba a sayar da giya a wurin? Shigar masu rawar fa? Sannan abin da ya fi tsaya mini, a labarin akwai inda uban da ya mutu yake bayyana wa ɗansa daga sama yana yi masa magana, ana cewa sarakunan da suka shuɗe suna cikin taurari suna kallon mu, kuma akwai boka mai haɗa su. Wannan ya shafi aƙida, ba ƙaramin abu ba ne. Ga kiɗa, ga maza da mata a cakuɗe. Ba ina yanke wa kowa hukunci ba ne, ina so mai niyyar zuwa ya san abin da zai tarar kafin ya biya.

Maman Ilham:
Wa alaikis salam Ummu Abdallah, tambayarki a kan hanya take, kuma ba zan ɓoye miki komai ba. Ana sayar da giya, akwai wurin sayarwa a waje, wasu ma da kofinsu suke shigowa su zauna. Ba wanda ya miƙo mana, ba wanda ya dame mu. A hutun tsakiya mu askirim muka saya, shi ma ana zagayawa da shi. Shigar masu rawa, akwai waɗanda hannuwansu da kafaɗunsu a buɗe suke, maza wasu ba riga, amma ban ga rawar batsa ba, yara ƙanana ne cike da wurin. Na ga mata masu hijabi da dama, ba ni kaɗai ba.

Maganar uban da ya bayyana gaskiya ce, yana ciki, kuma an yi shi da gwaninta sosai, fuskar tana haɗuwa ne gutsure-gutsure cikin duhu. Ni na ɗauke shi tatsuniya, ban ji ya taɓa imanina ba. Amma da da yara muka je, dole in zaunar da su in yi musu bayani cewa mamaci ba ya dawowa, taurari kuma halittun Allah ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kiɗa ba, gaskiya kada ya je, domin wasan daga farko har ƙarshe kiɗa ne da waƙa.

Ummu Abdallah:
Na gode da kika faɗi gaskiya. Ni dai ba zan je ba, amma na ji daɗi da kuka kiyaye sallah a kan lokaci.

Hajiya Kulu:
Ummu Abdallah, akwai wasannin da ba waƙa ba rawa, zance ne zalla. The Mousetrap na Agatha Christie misali, labarin kisan kai ne da bincike a wani masauki da ƙanƙara ta rufe wa hanya, mutane takwas cikin kayan sanyi suna tuhumar juna. Tun 1952 ake yin sa, annobar korona ce kawai ta taɓa dakatar da shi a 2020. A ƙarshe ɗaya daga cikin 'yan wasan yakan fito ya roƙi jama'a kada su gaya wa kowa wanda ya yi kisan. Sai dai yana son mai jin Turancin Ingila sosai, in ba haka ba mutum zai yi ta hamma.

Injiniya Bello:
Maman Ilham, kun je har Lyceum, kun kuwa ga Bush House? Taku kaɗan ne daga nan, a Aldwych. Daga wannan ginin Sashen Hausa na BBC ya yi shekara da shekaru yana watsa shirye-shirye. A 1957 aka buɗe sashen, sai a 2012 BBC ta tashi daga ginin, yanzu jami'ar King's College ce ke amfani da shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin Katsina ya haye teku ba, amma duk asuba bayan sallah rediyonsa na kan tabarma. Ranar da na tsaya gaban ginshiƙan ƙofar nan hawaye ne suka zubo mini. Bature zai wuce wurin bai ko ɗaga kai ba. Bahaushe kuwa, in ya zo Landan bai tsaya nan ba, ya bar wani abu nasa a baya.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba, Injiniya. Maigida ya nuna mini shi bayan mun fito, ya ce kakansa ma haka yake da rediyo. Mun ɗauki hoto muka tura gida, tsofaffi sun fi murna da shi a kan hoton Big Ben.

Zee Kaduna:
Anti Maman Ilham, ni British Museum nake son ji. An ce kayan Najeriya na nan a ciki, kun gani?

Maman Ilham:
Mun gani ƙanwata, a ɗakin Afirka da ke ƙasa. Allunan tagulla na masarautar Benin an jera su a tsaye, bango guda. In kin matsa kusa za ki ga sarki da dogarawansa, kowane da murjani a wuya, har zanen da ke jikin tufafinsu an fitar da shi, a gefe kuma ga ƙananan siffofin Turawan Fotugal da dogon gashi. A jikin wasu akwai hudar ƙusa, inda aka kafa su a ginshiƙan fada. Aikin hannun ya wuce misali. Amma a nan ne kawai na ga ran maigida ya ɓaci a yinin nan. Ya tsaya yana karanta bayanin, cewa sojojin Birtaniya ne suka kwaso su bayan sun ci birnin a 1897, ya ce mini shekara shida kacal tsakanin wannan da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Mun fito bai yi magana ba har muka isa masallaci.

Baban Sadiq:
To kun ji. A kwashe kayanka, ka biya biza da kuɗin jirgi ka zo ka gani, ka kuma ƙara musu da kuɗin kallon zaki.

Injiniya Bello:
Shiga gidan tarihin kyauta ne, amma maganarka tana da ƙarfi Baban Sadiq. Suna da kayan Benin wajen ɗari tara, kaɗan ne ake nunawa. Hujjar da suke kafawa ita ce dokar majalisa ta 1963 da ta hana gidan rabuwa da abin da ke hannunsa. Doka kuwa mutane ne suka yi ta, su ne za su iya sauya ta. Gidan tarihi na Horniman, a cikin Landan ɗin nan, ya miƙa wa Najeriya mallakar kaya 72 a 2022, Jamus ma a wannan shekarar ta fara mayarwa. Ni ina ganin gara ɗan Najeriya ya je ya gani da idonsa ransa ya ɓaci, da ya zauna bai san me aka ɗauka ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Daga Faransa nake bin zancen. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake magana kamar wasan dandamali baƙon abu ne a wurinmu. A Damagaram muna da wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da hakimai da gwamna, jama'a na kallo suna dariya, masu mulkin ma suna kallo. Muna da su Yazi Dogo, waɗanda suka yi wasa da Hausa a gaban jama'a da rediyo da talabijin, duk Nijar ta san su. Ga tashe da azumi, yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho, kowa ya san yaro ne amma a amsa masa. Abin da Malam Habu ya faɗa game da sanda da igiya ke nan. Mun san abin nan tun kafin mu ga Landan.

Malam Habu Zariya:
Allah ya biya ka Ɗan Damagaram. Ka ƙara da wasan gauta na gidajen sarauta, da su Samanja da Kasimu Yero da suka riƙe mu a gaban talabijin. Masu wasa ba mu taɓa rasa su ba. Abin da muka rasa shi ne wurin da magidanci zai ɗauki matarsa su zauna da mutunci su kalla. Gidajen siliman da muka taso muka gani a Kano, su Plaza da Marhaba da Eldorado, wurin maza ne, macen da aka gani a ciki sunanta ya ɓaci. Daga nan ƙyamar ta samo asali, har ta shafi duk wani kallo na bainar jama'a. Finafinanmu suka shiga ɗaki, daga kaset zuwa faifai zuwa waya, kowa da nasa allon. Shi ya sa Yayar Maman Ilham ta ji abin banbaraƙwai, ba ta taɓa ganin irinsa a matsayin fitar ma'aurata ba. Ban ga laifinta ba.

Baban Sadiq, tunda kuɗi ne matsalarka, Maman Ilham sun wuce ta gaban amsarka a bakin kogi, gidan wasan Globe. Na asali an gina shi a 1599, a nan ake wasannin Shakespeare, ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa a cikin wasa tartsatsi ya kama rufin. Wani ɗan wasa Ba'amurke, Sam Wanamaker, ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana neman a sake gina shi, ya rasu kafin a buɗe a 1997. Zagayayye ne, na katako, tsakiyarsa a buɗe sama na kallon ka, rufinsa na ciyawa kamar jinkar ɗakin ƙauye. Mutum ɗari bakwai ke tsayawa a filin gaban dandamali, kuma tikitin tsayuwa ya yi shekaru a kan fam 5. Mai tsayuwar nan ya fi mai kujera kusa da 'yan wasa, har yakan jingina da bakin dandamalin. A 2012 sun gayyato ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban kowa ya yi Shakespeare da harshensa, wata ƙungiya daga Legas ta yi nata da Yarbanci. Na daɗe ina tunanin ranar da za a ji Hausa a wannan filin.

Baban Sadiq:
In tsaya awa uku a kan ƙafata, ni da uwargida? In ruwa ya sauko fa?

Hajiya Kulu:
Ya dake ku, domin ba a yarda a buɗe lema a filin ba, tana tare wa na baya. Rigar ruwa ake zuwa da ita. Matasa ne ke jure wa, ni gwiwata ba za ta ɗauka ba, benci nake kamawa in karɓi hayar matashi. Kuma daga bazara zuwa kaka ake wasa a wannan filin, da sanyi sai ƙaramin ɗakin da ke gefe wanda ake haskawa da kyandir.

Baban Sadiq:
Ni fa har yanzu ban sauka daga maganata ba. Ku duka kuna yabon wasa, ba wanda ya amsa batun 'yan uwa da ke gida. Mutum yana da ƙanne da ba a biya musu kuɗin makaranta ba.

Maman Ilham:
Baban Sadiq, wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi, shi ya sa na kawo ta nan. Abin da muke turawa gida duk wata ba mu taɓa shi ba, kuma ba za mu taɓa ba in sha Allah. Kuɗin tikitin nan maigida ya tara shi ne kaɗan-kaɗan daga aikin da yake yi na ƙarshen mako, bai gaya mini ba sai da ya saya. Tun da muka zo ƙasar nan hirarmu ba ta wuce ta haya da yara da takardun biza. Ranar nan muna tafe bakin kogi, masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gadar Waterloo suna tattara kaya, muka yi ta musu a kan ƙanin sarkin nan na cikin wasan, shi yana cewa mugu ne tun asali, ni ina cewa raini ne ya ɓata shi. Daga nan zance ya koma kan gidajen da muka sani inda rabon gado ya raba 'yan uwa, ya ba ni labarin kakansa da ban taɓa ji ba. Har muka isa gadar Tower ba wanda ya duba waya. Ni aurena ma ɗan uwa ne da ke da haƙƙi a kaina.

Ummu Abdallah:
Wannan kam gaskiya ne, kyautata wa iyali ibada ce. Inda muka bambanta shi ne wurin da aka je, ba fitar ba. Da a bakin kogin kuka yini da ba ni da ta cewa ko kaɗan.

Malam Habu Zariya:
Amma Malama, hirar da suka yi a bakin kogin daga ina ta fito? Daga wasan.

Ummu Abdallah:
Malam Habu, gidan tarihin ma ya ba su abin hira, kuma ba kiɗa a ciki.

Zee Kaduna:
Anti Hajiya Kulu, mu a Disamba za mu zo ni da angona in sha Allah, kwana kaɗan za mu yi. Tsarin Anti Maman Ilham zai yi mana?

Hajiya Kulu:
Allah ya sanya alheri 'yata, ya kawo ku lafiya. A Disamba sai ki juya tsarin. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk suna matse cikin awa huɗu, wasan biyu da rabi zai cinye miki Magariba. Ku yi yawonku da safe tun da haske, ku yi sallolinku, Isha ma tana shiga kafin shida, sai ku shiga wasan bakwai da rabi hankali kwance. Batun ƙasaru da haɗa salla ki tambayi malaminku tun a gida, domin a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya fita daga hukuncin matafiyi. In kuna son babban masallaci ku je na Regent's Park ko na Whitechapel, duka suna da wurin mata mai faɗi, kuma kewayen na Whitechapel abincin halal ne ko'ina. Titin Edgware ma haka, in kuna son na Larabawa.

Kada ku ce sai kun ga komai a yini ɗaya. Hasumiyar Landan kaɗai, inda ake ajiye kambin sarauta, tana cin rabin yini, ga layi ga kuɗin shiga. Ku zaɓi abu biyu ku bar sauran. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, da katin banki ko katin Oyster ake taɓawa, kuma kowa da nasa katin, mutum biyu ba sa shiga da ɗaya. A matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa ku tsaya ta dama, hagu ta masu sauri ce. Daga Leicester Square zuwa Covent Garden kada ku hau jirgi, tafiyar minti biyar ce da ƙafa, in kuma kun sauka a Covent Garden ku jira lifta, matakalar wurin taka 193 ce. A Leicester Square ɗin akwai rumfar da ke sayar da tikitin wasannin ranar da rangwame, amma The Lion King a lokacin hutun Kirsimeti ba a dogara da ita, ku saya ta intanet tun yanzu, daga shafin gidan wasan kansa. In kina son giwar nan ta wuce ta gefenki, kujerun ƙasa za ku nema, na bakin hanya, kuma ku shiga da wuri, domin wanda ya makara ba a barin sa ya zauna sai an gama waƙar farko.